Wane shotstof za ka ɗauka a daraf ɗin fantasi na besbol?

Masu buga FPL, wato fantasin Firimiyar Ingila, sun saba kowa na iya sayen Haaland, to a fantasi na besbol ɗin Amurka ba haka abin yake ba, daraf ake yi, ɗan wasa ɗaya mutum ɗaya, in wani ya riga ka ɗauka shikenan sai dai ka yi haƙuri. Shotstof kuwa shi ne mai tsaron tsakanin bes na biyu da na uku, bes ɗin su ne tashoshin da mai duka ke zagayawa a guje kafin ya ci maki. A da masu tsaron wurin ba su cika iya dukan ƙwallo ba amma yanzu nan manyan suke.

Kafin komai duba yadda lig ɗinku ke ba da maki, don shi ne zai raba maka gardama. In roto ne, inda ake jera ku rukuni-rukuni, mai rukuni biyar na masu duka, wato ron (zagaye bes har gida), hom ron (dukan da ke kai mutum gida kai tsaye), RBI (ron ɗin da dukanka ya jawo), satar bes (tsere zuwa bes na gaba ba tare da an daki ƙwallo ba) da abarej na duka (yawan dukan da ya yi nasara cikin damar da ya samu), to Bobby Witt Jr. na Kansas City ba shi da na biyu. A 2024 abarej ɗinsa .332, hom ron 32, sata 31, babu rukunin da zai ja ka baya. Matsalar kawai ba ya wuce zaɓen farko-farko, in lambarka ta takwas ce manta da shi.

Elly De La Cruz na Cincinnati shi ne inda ake rigima. Yaron ya saci bes 67 a 2024, ya fi kowa a MLB, babban lig ɗin besbol na Amurka, ga hom ron 25, amma kuma sau 218 aka fitar da shi da sitiraik, wato jifa uku ba tare da ya samu duka mai kyau ba, nan ma ya fi kowa, abarej .259. A roto wallahi shi kaɗai zai iya ɗauke maka rukunin sata gaba ɗaya, amma a lig ɗin maki irin na ESPN da ake cire maki ɗaya duk sitiraik-aut, kullum yana ba ka da hannun dama yana karɓewa da hagu. Ni a can gara in jira Francisco Lindor na Mets, hom ron 33 da sata 29 a 2024, kuma mutum ne da ba ya yawan zaman jinya.

Gunnar Henderson na Baltimore, hom ron 37 a shekarar, ba sai an yi dogon bayani ba.

Corey Seager na Texas kuwa duka kam akwai, hom ron 33 a wasa 119 kacal a 2023, amma kusan ba ya satar bes kuma rauni ya zame masa abokin tafiya, in ka ɗauke shi tanadi wani a benci. Tun da aka ƙara girman bes daga inci 15 zuwa 18 a 2023 sata ta yi araha, saboda haka za ka iya cike giɓinsa da wani a zagayen baya, kar ka ruɗe ka ɗauki shotstof biyu a zagaye uku na farko kana barin masu jifa, wato masu jefa wa mai duka ƙwallo, suna ƙarewa.