Abokan zaman da na saya wa betta: waɗanda suka zauna lafiya da waɗanda na mayar

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kifin ado yana neman wanda zai zauna tare da betta, ƙaramin kifin nan mai faɗa, ya san amsoshin da ake bayarwa. Wani zai ce maka ba ya zama da kowa, ka bar shi a kwalbarsa. Wani kuma zai ɗebo maka duk mai launi a shagon, tunda dai kuɗi ka kawo. Shagon da na yi ciniki da shi a Kaduna bai yi ko ɗaya ba. Watanni sun shuɗe da kifayen a gidana, don haka yanzu zan iya faɗin inda mai shagon ya yi daidai da inda ya gaza.

Kafin ya nuna min komai sai da ya tambaye ni girman tankina, da ko namiji ne ko mace, da yadda kifin yake yi idan an kara masa madubi. Na ce lita 60 ne, mai tsawo a kwance, kifin kuma namiji ne mai doguwar jela. Ya ce, “Malam, da ƙasa da lita 40 ka ce min, dodon koɗi kaɗai zan sayar maka.” Wannan maganar ta sa na sake da shi, domin ɗan kasuwar da ya yarda ya rage cinikinsa saboda lafiyar dabba ya san abin da yake yi.

Dabararsa ita ce raba tankin sama da tsakiya da ƙasa. Asalin betta daga Tailan yake, a fadamun shinkafa da kududdufai marasa zurfi, kuma an daɗe ana kiwonsa can don faɗa, shi ya sa namijin yake da zafin kare wurinsa. Yana da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye, saboda haka kullum sai ya hau saman ruwa. Sama nasa ne. Wanda zai zauna da shi sai ya kasance mai zama a tsakiya ko a ƙasa, mai gajeriyar jela, mara launi mai ɗaukar ido, wanda kuma ba ya cizo.

A tsakiya ya ba ni harlequin rasbora guda 8, kuma su ne mafi alherin abin da na saya a shagon. Ƙananan kifaye ne, ba sa wuce santimita 5, jikinsu ruwan tagulla da baƙin tabo mai kusurwa uku daga ciki zuwa jela. Daga Malesiya da kudancin Tailan da Sumatra suke, wato ruwan ɗumin da betta yake so su ma shi suke so. Da na fara haɗa su ya buɗe kumatunsa ya bi su da gudu, amma jelarsa ta yi masa nauyi, su kuwa sun fi shi sauri. Bai daɗe ba ya gaji ya rabu da su. Yanzu suna wucewa ta gabansa ko kallonsu ba ya yi.

Yawansu yana da muhimmanci ƙwarai, kuma mai shagon ya dage a kan haka lokacin da na so in ɗauki 4 kawai. Kifin garke idan ya yi kaɗan tsoro ke kama shi, ya laɓe a lungu launinsa ya dushe, sannan betta ya samu guda ɗaya da zai sa wa ido ya yi ta kora. Idan suna da yawa hankalinsa rarrabuwa yake yi. Na gani da idona: ba ya iya zaɓar ɗaya a cikinsu ya bi, da ya nufo su sai garken ya buɗe ya sake haɗewa a bayansa.

A ƙasa akwai kuhli loach guda 6, dogaye sirara masu ratsin baƙi da ruwan ɗorawa, kimanin santimita 8 zuwa 10 idan sun girma. Da farko corydoras ya nuna min, wasu ƙananan kifaye masu zama a ƙasa su ma, amma da yawa daga cikinsu sun fi son ruwa mai ɗan sanyi, ni kuwa na san yadda ɗakina yake a watan Maris da Afrilu. Kuhli ba su taɓa samun matsala da betta ba, don ba sa ma haɗuwa. Sai dai in gaya wa mai saye gaskiya, da dare suke fitowa, da rana suna ƙarƙashin itace ko ganye. Wanda yake son kifin da zai riƙa kallo zai ji kamar ya yi asarar kuɗinsa. Suna buƙatar yashi mai laushi maimakon tsakuwa mai kaifi, kuma dole a rufe bakin matatar ruwa da soso, domin suna kutsawa cikin duk kafar da suka samu.

Dodon koɗi irin nerite guda 2 sun share gansakukar jikin gilashi fiye da yadda na yi tsammani. Betta ya ɗan zungure su a farko, suka shige ɓawonsu, ya ƙyale su. Matan suna manna fararen ƙwai kamar riɗi a jikin itace, masu wuyar kankarewa, amma ’ya’yan ba sa rayuwa a ruwan da ba na gishiri ba, don haka ba za su cika maka tanki ba. Suna haurowa waje, betta ma yana tsalle, murfi ya zama dole.

Inda cinikin ya ɓaci shi ne jatan lande, ƙananan jajayen nan da ake kira cherry. Mai shagon ya ce a gwada, wani betta yana ƙyale su. Gaskiya ne akwai mai ƙyalewa, amma bai faɗa min girman haɗarin ba. Betta mai cin nama ne, a daji ƙwari da tsutsotsin sauro yake ci, ƙaramin ja mai motsi a kan ganye kuwa abinci ne a idonsa. Nawa ya shiga farautarsu ba dare ba rana. Na kwashe waɗanda suka rage na mayar, aka karɓa ba gardama aka musanya min da tsirran ruwa. Na yaba da wannan. Duk da haka raina ya sosu, domin rayuka ne suka salwanta a kan abin da shi ya fi ni sani. Da irin Amano ne, waɗanda suke kai santimita 5 kuma jikinsu garai-garai, da ƙila sun tsira, amma ba shi da su a lokacin.

Akwai waɗanda ya ƙi sayar min ko da na tambaya: guppy namiji, saboda jelarsa mai launi tana sa betta ya ɗauke shi kishiya, tiger barb, saboda yana yagar jela, gourami, saboda danginsu ɗaya kuma saman ruwa ɗaya suke nema, da goldfish, wanda ruwan sanyi yake so kuma ƙazantarsa ta yi yawa. Namijin betta na biyu kuwa ba a ma kawo zancensa.

Babban ƙorafina a kan tsafta ne. Koma ɗaya na ga ana tsomawa a duk tankunan shagon, kuma sababbin kifaye ba a keɓe su kafin a sayar. Na ajiye nawa a wata roba daban na wasu makonni, a nan ne fararen ɗigo suka fito wa ɗaya daga cikin rasbora. Da kai tsaye na zuba su, da cutar ta kai ga betta. Maganin ma yana son lura, domin wanda ke ɗauke da sinadarin tagulla yana kashe dodon koɗi da jatan lande, kuhli kuma ba sa jure cikakken awo. Ba wanda ya gaya min wannan a shagon. Haka nan ba a yi min zancen hita mai ɗumama ruwa ba, alhali waɗannan kifayen suna son ruwa ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 27, daren hunturu kuwa ruwan ɗaki yana sauka ƙasa da haka sosai. Hita mai wat 50 ta wadatar min, idan an ɗauke wuta kuma ina lulluɓe tankin da bargo.

Shawarar mai shagon ta yadda ake haɗa su ta yi aiki. A fitar da betta na ɗan lokaci, a sauya wa itace da tsirrai wuri, a zuba baƙin su saba, sannan a dawo da shi ya tarar da gidan ya canja. Kada kuma a zuba kowa rana ɗaya, don bakteriya masu amfani da ke cikin matata su samu lokacin ƙaruwa su iya da amoniya, gubar da ke fita daga jikin kifi da kashinsa. Wajen abinci ne har yanzu nake fama: rasbora suna rige betta, shi kuma yana nutsewa ya cinye na kuhli har cikinsa ya kumbura. Yanzu ina ba shi nasa a kusurwa ɗaya, su a ɗaya kusurwar, na kuhli kuma sai bayan na kashe fitila.

Zan koma shagon, amma da robar keɓewa a shirye a gida, da ƙaramin tanki na ko-ta-kwana, domin halin betta yana iya juyawa ko bayan an zauna lafiya. Idan na ga jela ta fara yagewa, ko wani kifi ya daina fitowa cin abinci, a ranar zan raba su. Rasbora da nerite zan sake saye ba tare da shakka ba, kuhli ga mai haƙuri ne, jatan lande kuwa sai na kafa musu tankinsu daban.