Baƙin shayin haɗi na Yamai: gwangwanin farko da ledar da ta biyo baya

Jika 6 da rabi na biya, wato sefa 6,500, ban da kuɗin saƙo a tasha, kuma daren da muka buɗe gwangwanin nan na so ƙasa ta tsage in shige. Masu kirana suna tambaya ko shayin matar nan ta Yamai ya ci kuɗinsa sun yi yawa, na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kun san shi, shi ne jan gwangwanin da take yawan sakawa a WhatsApp, mai giram 250, an rubuta Assam, Ceylon da Kenya a gefensa. Ni tela ne a nan Tawa, kuma fadarmu a ƙofar shagona take zama bayan Isha'i. Shayinmu an san shi: koren ganyen Sin, ƴar buta a kan gawayi, na farko, na biyu, na uku, har dare ya raba. Baƙin shayi kuwa sai mai zare na wurin mai tebur da safe, wanda in ka cire madara da sukari ruwan zafi ne kawai da aka rina. Da sanyin bana ya kankama, yayan maiɗakina, Yaya Alhaji, ya iso daga Abijan ganin gida, sai na ce bari in fitar da kaina kunya, in ba shi abin da ba a saba gani ba a unguwa. Na aika kuɗi ranar Litinin, kaya suka iso Laraba da yamma. Wannan kam ba ta saɓa alkawari ba.

Da na ɓalle murfin, ƙamshi ya bugi hancina, irin na ɓawon burodi da mazarƙwaila. Ganyen ba dogaye ba ne kamar namu, yawancinsa ƴan ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe kamar irin albasa, da ɗan dogon ganye jefi-jefi a ciki. Na miƙa wa yaron shagona, wanda duk fada ta yarda hannunsa na da kyau a shayi, na ce ya yi mana na gani na faɗa. Yaro ya yi abin da ya iya. Ya cika finjali da ganye har yana zuba, ya juye a buta, ya ɗora a wuta, ya yi ta fifita. Ya tafasa ya sauke, ya mayar ya sake tafasa, ya fi minti 20 yana wannan hidima. Ya zuba sukari, ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa don kumfa ta tashi. Kumfar ma ta tashi, har na fara murmushi.

Lokacin ne Yaya Alhaji ya iso, aka shimfiɗa masa darduma, aka ba shi finjalin farko tunda shi ne baƙo. Ya kurɓa sau ɗaya. Bai haɗiye da wuri ba. Ya dubi finjalin, ya dube ni, ya ajiye a hankali kamar mai ajiye ƙwai, sannan ya ce, "Malam, mi kunka dahwa nan? Bagaruwa?"

Fada ta kece da dariya. Na karɓa na kurɓa don in kare kaina, wallahi sai da harshena ya manne da dasashina. Ɗaci daban, bauri daban, ga shi baƙi ƙirin mai kauri kamar tsohon man keken ɗinki. Wani abokinmu ya ce a kai wa majema su jiƙa fata, wani ya ce maganin shawara ne na sayo ban sani ba. Duk da haka ni da taurin kai na shanye finjali biyu saboda zafin jika 6 da rabi, kuma na biya: har aka yi kiran sallar farko idona biyu, zuciyata na dukan uku-uku.

Tun kafin in kwanta na tura wa mai shayin saƙon murya, ban ɓoye mata komai ba. Amsarta da safe ita ta ƙara ƙona mini rai: "Ai Malam an rubuta yadda ake yi a jikin gwangwanin." An rubuta, gaskiya ne, da Ingilishi, da ƙananan baƙaƙe kamar sawun tururuwa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, kina sayar wa ƴan Nijar, kin san yadda kowa ke dafa shayi a ƙasar nan, layi biyu na Hausa ya gagare ki? Kina da lokacin saka hoto sau biyar a rana.

Da hantsi sai ga Yaya Alhaji ya dawo shago, wai ya zo a rage masa tsawon wando. Ashe shekara 14 ya yi yana tebur ɗin shayi a unguwar Ajame ta Abijan kafin ya koma sayar da yadi, abin da ban taɓa ji ba ko a bakin ƙanwarsa. Ya ce a kawo gwangwanin. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya shinshina, ya murza da yatsa, ya ce, "Ganyen ga ba shi da laihi. Ba a dahwa shi, jiƙa shi a kai."

Ya hana a ɗebo ruwan famfo, ya aiki yaro ya sayo na leda. Aka tafasa ruwan shi kaɗai a wata tukunya. Ya ɗauraye buta da ruwan zafin don ta ɗumama, ya zubar. Ya auna ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi, abin da bai kai rabin wanda yaro ya zuba jiya ba, alhali ruwan ya ninka sau uku. Ya kwara ruwan yana kan tafasa, ya rufe, ya ɗauki ragowar shadda daga ƙarƙashin kekena ya lulluɓe butar, ya ce kada wanda ya taɓa. Ni na duba waya: minti 4 daidai ya buɗe, ya tace duka a lokaci guda, bai bar ko ɗigo a kan ganyen ba.

Ja ne garau, kana ganin gindin kofi ta cikinsa, da wani zobe mai ruwan zinariya a bakin. Ya ce in kurɓa babu sukari tukuna. Na kurɓa ina ɗari-ɗari. Abin da ya fara zuwa shi ne nauyi a baki da gardi kamar na tsiron dawa da aka shanya. Bayansa wani ɗan kaifi mai kama da ɓawon lemu, sai bauri kaɗan a ƙarshe, irin na goro mai kyau, wanda ke wanke baki ba ya ɗaure shi. Da ya ƙara madara cokali biyu da ɗan sukari, baurin ya kwanta gaba ɗaya amma shayin bai mutu ba, launinsa ya koma kamar jar ƙasa bayan ruwan sama. Na daɗe ban sha abu da safe ya yi mini daɗi haka ba. Har yaro, da ke ta sunkuyar da kai tun jiya, ya roƙi ƙari.

Daga baya ɗiyar yayata da ke karatu a jami'ar nan Tawa ta karanta mini rubutun gwangwanin: ruwa mai tafasa, minti 3 zuwa 5. Ita ta bayyana mini cewa koren ganye da baƙi duk itace ɗaya ne, bambancin shi ne baƙin ana murza shi a bar iska ta dafa shi har ya yi duhu kafin a busar. Ƙwayoyin nan kuma inji ne ke daddatsa ganyen ya dunƙule shi, don ya saki ƙarfinsa nan da nan. To ka ga abin da aka yi don minti 4 mun ba shi minti 20 a kan gawayi. Kuma mai maganar bagaruwa bai yi nisa da gaskiya ba, sinadarin baurin shayi dangin wanda ke jeme fata ne. Haɗin ma da dalili: Assam na arewa maso gabashin Indiya shi ke ba da nauyi, Ceylon, wato tsohon sunan Siri Lanka kafin 1972, shi ne mai kaifin nan, na Kenya kuma launi da ƙarfi.

Sati uku na yi ina gwaji kamar mai neman magani. Minti 3 ya fi in za ka sha babu madara. Minti 5 sai da madara, in ba haka ba bauri ya dawo. Da ruwan famfon gidanmu, wanda dama yake barin farin gari a gindin tukunya, wata yana-yana ce ke tasowa a saman kofi, launin ya dushe, ƙamshin ya ragu. Citta da kanumfari suna danne shi, asarar kuɗi ce, in yaji kake so sayi mai zare. Na'a-na'a ma ba su jitu ba.

Amma ƴan fada su sani, wannan ba naku ba ne. Ba shi da na biyu, balle na uku. Ka sake zuba ruwa a kan ganyen, lami za ka sha. Shayin da ke ƙarewa cikin minti 10 me za a yi da shi a zaman da ke kai ƙarfe 1 na dare? Mun koma kan korenmu, shi kuma ya zama na safe, ni da maiɗakina, da burodi ko ƙosai. A nan kam na ce ya ci kuɗinsa, har na ba mutum biyu lambar matar, na kuma tura mata saƙon ban haƙuri kan zafin da na yi.

Da na sani ban yi saurin ban haƙurin ba. Gwangwani ya kusa ƙarewa na sake aikawa, sai ta ce ya zama jika 7 da rabi, wai tunda iyakar Benin take rufe kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Iyakar nan tun 2023 aka rufe ta, wata ɗaya da ya wuce da kika sayar mini jika 6 da rabi a buɗe take? Na haɗiye, na biya. Saƙo ya iso, na buɗe kwali a tasha, babu gwangwani. Farar leda ce an ƙulle bakinta, an cusa ta tsakanin sabulun wanka da turaren wuta na wata mai saye a nan Tawa, don a rage kuɗin mota. Tafiyar sama da kilomita 500, ta Doso, Dogondutsi da Konni, cikin zafin ƙarƙashin mota. Duk wanda ya taɓa ajiye shayi kusa da kayan ƙamshi ya san yadda ganye ke zuƙe wari. Na jiƙa shi yadda Yaya Alhaji ya koya mini, minti 4, ruwan leda, komai daidai. Launi ya fito ja garau kamar na farko. Na kai baki, sai na ji kamar ina shan ruwan wankan amarya.

Na kai ledar wurin maƙerin azurfa da ke kusa da mu ya ɗora a sikelinsa: giram 218, har da ledar. Na ɗauki hoto na tura mata. Ta ce wai buhu take saye yanzu tana rarrabawa, ganye ɗaya ne, in shanya shi a inuwa kwana biyu warin zai fita. Na shanya kwana huɗu a kan faranti a ɗaki, ƙurar hunturu ta samu rabonta, sabulu bai tafi ko'ina ba. Ɗaya daga cikin mutum biyun da na ba lambarta ya tare ni a masallaci yana tambaya ko nasa ma haka zai zo, na rasa ta cewa.

Na nemi ta mayar mini da rabin kuɗi ko ta aiko gwangwani rufaffe in cika mata bambancin. Yau kwana 9, saƙon ya nuna ta karanta. A tsohon gwangwanin saura abin da bai fi cokali shida ba, maiɗakina ta ɓoye shi a cikin kwalla ta ce na ranar Juma'a ne kawai.