Madubin saiti mai 5-25x56: gwajin da na yi masa

Na ɗora madubin nan, mai zuƙo hoto daga ninki 5 (5x) zuwa ninki 25 (25x), mai gilashin gaba mai faɗin milimita 56, a kan bindigata mai cin harsashi samfurin .308 don harbin allo daga mita 600 zuwa sama, kuma abin da ya fi burge ni shi ne mamurɗinsa, wato abin da ake murɗawa don ɗaga saiti ko sauke shi. Kowane ƙas ɗaya 0.1 mil ne, wato santimita ɗaya a nisan mita 100. A nisan mita 100, na murɗa shi sama ƙas 50, harsashi ya tashi santimita 50 cif. Na mayar da shi sifili, ya koma gurbinsa. Madubin da ya kasa wannan, komai kyan gilashinsa, kada ka saya.

Zanen saitin da ke ciki yana girma tare da hoton, don haka awonsa ba ya canzawa ko ka zuƙo ko ka rage. Sai dai a 5x siriri ne kamar zaren gizo, da ƙyar ake ganinsa.

Ita kuwa 25x ɗin, ba kasafai nake kaiwa can ba. Da rana ta take, kawalwalniya sai ta sa allon ya riƙa rawa, dole in sauko 16x.

Akwai nauyi, ya haura kilo ɗaya. Ga mai harbi a kwance, wannan ba damuwa ba ce.