Takunkumin da ake sayarwa a Jos: shuɗin kwali, KN95 da mai bawul

Da hunturu ya kankama a Jos, mura ta fara bi gida-gida, sai ka ga kemis-kemis da masu tebur a Terminus sun baza takunkumi. Iri uku ne suka fi yawa, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Shuɗin nan na asibiti, mai guda 50 a kwali, shi ne mai araha. Ƙwayar mura a feshin tari, atishawa da magana take fita, ta kama wanda ke kusa, kamar mita 1 zuwa 2. Mutum kan fara yaɗa ta kwana guda kafin ya ji komai a jikinsa, shi ya sa ake son mai lafiya ma ya saka a keke napep ko layin ganin likita. Shuɗin yana tare feshin mai shi sosai, amma gefensa a sake yake, iska na shiga ta kumatu. Na kusa da kai ya fi ka amfana da shi.

Na ƙwarai falle uku ne: na waje ba ya shan ruwa, na ciki yana tsotse danshi, na tsakiya shi ne matatar. Kafin ka ɗauki kwali, sayi ɗaya ka yanka da almakashi. In falle biyu ka gani, ko na tsakiyan shara-shara ne, bar musu kayansu. Ɗiga ruwa a gefen shuɗin. Ya kamata ya dunƙule ya gangara. Ja igiyar kunnen, don a wurin mannin take tsinkewa. Matsa wayar hancin ka ga ko za ta zauna yadda ka lanƙwasa ta. Na bakin titi da ake sayarwa ɗai-ɗai ba leda kuwa, ya riga ya sha ƙura da hannun masu tayi.

KN95 shi ne mai kare mai shi, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa ga dattawa, masu asma da masu jinya. Ma'aunin Sin ne, N95 na Amurka, dukansu suna tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ɓurɓushi. Na gaske yana ɗauke da lambar GB2626 a jikinsa. In ka ga KN95 da tambarin NIOSH, hukumar Amurka mai tantance N95, jabu ne, hukumar ba ta tantance wannan iri. Sai dai duk ingancinsa a zama yake. Rufe shi da tafin hannu biyu ka hura: in iska ta fita ta gefe ko tabarau ya yi hazo, bai zauna ba. Masu gemu su sani, gashi yana hana shi kama fata. Kada a wanke shi, sabulu da ruwa suna kashe cajin lantarkin da matatar ke kama ƙwayoyi da shi.

Mai bawul, wato ƴar ƙofar roba ta fitar da numfashi, na kafinta ne da mai fasa dutse. Numfashinka yake fitarwa ba tacewa, don haka mai mura kada ya dogara da shi wajen kare na kusa da shi.

Ko wanne ka saya, da ya jiƙe a canza, kuma sanyin safiyar Jos na saurin jiƙa shi. Ta igiya ake cirewa, a jefa a kwandon shara, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.