Hutu a Kosta Rika: otal ko gonar 'ya'yan itatuwa?

Mai zuwa hutu Kosta Rika, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya, yana iya kama ɗaki a otal na bakin teku, ya biya, ya miƙe ƙafa. Ba laifi. Ni dai na fi son aikin sa kai a gonar da ba a zuba takin zamani ko maganin feshi. A tsarin WWOOF, mai haɗa masu aikin sa kai da irin waɗannan gonaki, wanda aka fara a Ingila a 1971, kana aikin awa huɗu zuwa shida a rana, mai gona ya ba ka abinci da makwanci. Za ka sari ayaba, ka juya taki, sauro ya cije ka, hannunka ya yi kanta. A otal abarba a faranti take iske ka. A gona kuwa manomi zai nuna maka wadda ta haura shekara ba ta nuna ba.