Wace mota ce ta dace da Hanya ta 66? Abin da za ka duba kafin ka biya kuɗin haya

Yawancin masu shirin ratsa Amurka da motar tsere ta kan Hanya ta 66 (Route 66), ƙarfin inji suke fara tambaya. A ganina wannan tambayar ce ya kamata ta zo ƙarshe, domin hanyar ce ke da ta cewa a kan irin motar da za ta hau ta. A ranar 11 ga Nuwamba 1926 aka ba ta wannan lamba. Tsawonta mil 2,448 ne, kimanin kilomita 3,940, daga Shikago zuwa Santa Monica a bakin tekun Fasifik, tana ratsa jihohi takwas: Ilinoi, Misuri, Kansas, Oklahoma, Teksas, Niyu Meksiko, Arizona da Kalifoniya. Sai a 1938 aka gama shimfiɗa mata kwalta da kankare, kuma a 1985 aka soke ta daga jerin manyan hanyoyin tarayya bayan sababbin tagwayen hanyoyi irin su I-55 da I-44 da I-40 sun maye gurbinta. Abin da ya rage yau guntaye ne da ake haɗawa: titin cikin gari, hanyar gona, tsohon kankare mai tsage-tsage, wani wurin kuma dole ka hau sabuwar hanya na ɗan lokaci ka sake sauka.

Kusa da garin Auburn a Ilinoi akwai sashen da aka shimfiɗa da jan bulo, bai kai mil biyu ba, kuma taya na hawa kansa za ka ji sitiyari yana rawa a hannunka. Kudu da garin Miami na Oklahoma akwai wani sashe mai faɗin ƙafa 9 kacal, mota ɗaya ke cika shi, idan wata ta taho sai kowa ya sauke tayoyinsa biyu kan tsakuwa. A irin waɗannan wurare mai inji mai ƙarfin doki 500 da mai 180 duk tafiyar hawainiya suke yi. Cikin garuruwa ma iyakar gudu kan sauka zuwa mil 35 ko ƙasa da haka a awa. Saboda haka abubuwan da za su faranta maka ko su ɓata maka rai cikin mako biyu su ne kujera, nisan cikin mota da ƙasa, girman but, na'urar sanyaya mota, da abin da takardar haya ta yarje maka.

Kafin a zo ga sunan mota, sai an san ta inda za a same ta. Manyan kamfanonin haya na filin jirgi su ne suka fi sauƙin sha'ani ga baƙo, don su ne ke yarda ka ɗauka a Shikago ka ajiye a Los Anjelis. Wannan yardar ba kyauta ba ce. Akwai kuɗin ajiyewa a wani gari daban, wanda kan kai ɗaruruwan daloli, wani lokaci ma ya zarce haka, kuma sau da yawa ba ya fitowa a farashin farko da ake nuna maka, sai ka kai shafin biya. Ka kuma lura da kalmar nan da suke maƙalawa bayan sunan mota, wato "ko makamanciyarta". Ma'anarta rukuni ka kama, ba mota takamaimai ba. Idan Mustang kake so ba wata ba, nemi rukunin da aka rubuta tabbacin samfurin, ko da ya fi tsada.

Hayar motar mutum kai tsaye ta manhaja irin Turo ta fi ba da zaɓi, kuma motar da ka gani a hoto ita za a miƙa maka. Sai dai galibin masu motocin suna son a mayar musu da ita inda aka ɗauka, kuma da yawansu suna ƙayyade mil nawa za a yi a rana, abin da ya haura kuma a biya kan kowane mil. Ga mai tafiyar da ba ta da komowa wannan bai yi ba. Sayen tsohuwar mota a yi tafiyar da ita a sayar a ƙarshe kuwa, abin sha'awa ne a baki, amma rajista da inshora a Amurka a hannun jihohi suke, kuma galibi suna neman adireshin zama. Motar shekarun 1960 ba lallai ta zo da na'urar sanyi ba, kuma idan lagireto ya tafasa a hamadar Mojave ta Kalifoniya, bakanike yana nesa. Wanda ba ya iya kwance inji da hannunsa, ban ba shi shawarar wannan ba.

To, a zo ga motocin. Ford Mustang ita ce aka fi samu a wuraren haya, kuma ita na fi karkata gare ta. Iri biyu za ka tarar: mai silinda huɗu da lita 2.3, ƙarfin doki 315 a samfurin 2024, da GT mai silinda takwas da lita 5.0, ƙarfin doki 480. Yawancin masu buɗaɗɗen sama da ke wuraren haya masu silinda huɗu ne, kuma babu abin da wannan hanya za ta nema da ƙaramin injin ba zai bayar ba. Abin da GT ta fi ta da shi ƙara ce, wannan gurnani mai kauri da ke tashi idan ka taka totur a fili, kuma ban raina shi ba, wasu don shi kaɗai suka yi tafiyar. But ɗin mai rufin ƙarfe ya kai wajen lita 380, na mai buɗaɗɗen sama wajen lita 300, ga kuma kujerun baya da ba su da wani amfani ga babban mutum amma suna cinye jakunkuna biyu. Ga mutum biyu masu kayan mako biyu, wannan ya wadatar. Wani abin da ba a cika ambata ba: kusan kowane gari mai ɗan girma a kan hanyar yana da dillalin Ford ko mai taya da ya san motar.

Chevrolet Corvette ce motar da aka fi tunawa da ita idan an ambaci wannan hanya, kuma samfurin da aka fara a 2020, mai inji a bayan direba, mota ce ta gaske: silinda takwas, lita 6.2, ƙarfin doki kusan 495. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya tana da daɗin zama fiye da yadda kamanninta ke nunawa. Matsalarta uku ce. Kujera biyu ce tak, wurin kaya kuma kimanin lita 350 ne a rabe gida biyu, gaba da baya, kuma idan ka cire rufin don shan iska, but ɗin baya ne ma'ajiyarsa, sai kayanka su rasa wurin zama. Na biyu, hancinta yana dab da ƙasa. Ka ɗauka ka iso ƙofar wani tsohon masauki a garin Tucumcari na Niyu Meksiko da magariba, mashigar tana da ɗan tudu da kwata a gabanta. Sai ka karkace ka shiga a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, kana kasa kunne ko za ka ji ƙarar gogar bamba. Wasu suna da maɓallin ɗaga gaba, amma ƙari ne da ake saye daban, ba kowace ke da shi ba, don haka ka tambaya. Na uku, ba ta da safaya, tayoyinta masu faɗi ne, na gaba daban na baya daban, kuma samun irinsu a ƙaramin gari na iya cin kwana biyu. Ga kuma tsadar haya da ƙayyade mil, sannan da wuya a bar ka ka ajiye ta a wata jiha.

Dodge Challenger da Chevrolet Camaro duk an daina ƙera su a ƙarshen 2023, suna kuma ta raguwa a wuraren haya. Idan ka dace da Challenger kada ka yi wasa da ita: ita ce mafi faɗin ciki, but ɗinta ya haura lita 450, kuma doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Teksas kamar don ita aka yi. Camaro kuwa tagoginta ƙanana ne, ga wanda ya zo kallon ƙasa wannan naƙasu ne babba. Mazda MX-5 tana can ɗaya gefen: ƙarfin doki 181, ba nauyi, ba shan mai, ga daɗin kwana, amma but ɗinta lita 130 ne, dogon mutum kuma zai ji jiki kafin ya kai Oklahoma. Mai tafiya shi kaɗai da jaka ɗaya, ta yi masa. Porsche 911 ta iya komai, kuɗin haya da na jingina ne kawai za su sa ka sake tunani.

Batun buɗaɗɗen sama yana bin lokacin tafiya ne. A Yuli da Agusta zafin garuruwan Needles da Amboy na hamadar Kalifoniya kan haura digiri 43, kuma mai buɗaɗɗiyar mota zai wuni da rufinsa a rufe, ya biya kuɗin abin da bai mora ba. Daga Afrilu zuwa Yuni lokacin guguwa da ƙanƙara ne a Oklahoma da arewacin Teksas, ƙanƙarar da ke lotsa jikin mota. Da hunturu dusar ƙanƙara na rufe Shikago da Flagstaff, garin Arizona da ke bisa tsayin mita 2,100, tayoyin motocin tsere na bazara kuma ba sa kama ƙasa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba na fi so, sai kuma Mayu. A waɗannan watanni buɗaɗɗen sama ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Shekarar 2026 ce hanyar ke cika shekara 100, kuma ƙananan masaukai masu tarihi irin Blue Swallow a Tucumcari da Wigwam a Holbrook ta Arizona ɗakunansu kaɗan ne, sai an kama da wuri.

Inda mutane suka fi yin asara ita ce takardar haya. Wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi kullum, kuma galibi ba a ba shi manyan motocin tsere sam. Ana neman katin bashi na banki mai sunan direban don riƙe kuɗin jingina, da lasisin ƙasarka, kuma yana da kyau ka haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Inshora kashi biyu ce, kada a haɗe maka su: akwai wadda ke ɗauke maka lalacewar motar da ka haya, akwai wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Ta biyun ce mai hatsari, domin mafi ƙarancin abin da dokar jihohi ta wajabta ba ya zuwa ko'ina idan aka kai mutum asibiti a Amurka. Ka sayi ƙarin. Inshorar da wasu katunan banki ke bayarwa sau da yawa tana cire motoci masu tsada. Sannan kusan duk takardun haya sun haramta hawa hanyar da ba kwalta, kuma tsohon sashen da ke tsakanin Glenrio da San Jon a Niyu Meksiko na tsakuwa ne. In wani abu ya faru a can, kai za ka biya. A Oklahoma kuma, I-44 hanyar biya ce da kyamara ke ɗaukar lamba, kamfanin haya ya aiko maka da kuɗin har da ladansa a kai, alhali tsohuwar 66 da ke gefenta kyauta ce.

Lissafin mai ba shi da wuya. Da ratse zuwa Santa Fe ta Niyu Meksiko, wadda hanyar ke bi kafin 1937, da babban kwazazzabon Grand Canyon mai nisan kusan mil 60 daga garin Williams na Arizona, ka ƙiyasta mil 3,000. Motar da ke yin mil 20 da galan ɗaya za ta sha galan 150, mai yin mil 30 kuma galan 100. Manyan injuna suna son fetur mai lamba 91 ko sama, wanda ya fi tsada, kuma farashin Kalifoniya ya fi na Oklahoma da Teksas nesa ba kusa ba. Daga Kingman a Arizona zuwa Barstow a Kalifoniya kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da rabi, ka kuma bincika halin hanya, don ana rufe wasu sassan Mojave saboda tsofaffin gadoji.

Akwai wurin da motar tsere ke nuna kanta, kuma saboda shi nake ba da shawarar da zan bayar. Daga gabashin Seligman zuwa Topock a Arizona akwai kimanin mil 158 na tsohuwar hanya ba yankewa, sashen da mutanen yankin suka tsaya kai da fata wajen ceto shi, ƙarƙashin ƙungiyar da Angel Delgadillo, mai askin Seligman, ya jagoranci kafawa a 1987. Bayan Kingman hanyar na hawa duwatsu zuwa mashigar Sitgreaves, ƙafa 3,550, kwana bayan kwana, siririya, wurare da dama ba shinge, sannan ta gangara Oatman inda jakunan da suka samo asali daga na masu haƙar zinariya ke yawo a tsakiyar titi. Nan ma giya ta biyu da ta uku ake amfani da su, da birki mai kyau da ido a buɗe. Wanda ransa ke kan Corvette, ya yi doguwar tafiyar da Mustang, ko ya ware kwana uku ya hayi Corvette daga Las Vegas ko Phoenix, ya zagaya wannan sashe ya mayar da ita inda ya ɗauka. Ya kuɓuta daga kuɗin ajiyewa, ya kuma sami mafi daɗin abin da motar za ta iya a wannan hanya.

Ga mai son ratsawa gaba ɗaya kuwa, su biyu, mako biyu zuwa uku, zaɓina Mustang ce daga babban kamfani, da mil mara iyaka a rubuce, buɗaɗɗiya a kaka, mai rufin ƙarfe a bazara. Ka nufi yamma, amma ka riƙa tashi da sassafe ka sauka kafin la'asar sakaliya, don rana mai faɗuwa tana dukan ido kai tsaye. Ranar karɓar mota ka durƙusa ka ɗauki hoton ƙasan bamba da bakin kowane wili, ka buɗe but ka ga safaya ce a ciki ko kwalbar liƙe faci da famfo, ka buɗe rufin ka rufe sau biyu a gaban ma'aikacin, sannan ka sa ya nuna maka layin da aka rubuta garin ajiyewa da kuɗinsa kafin ka sa hannu.