Manhajar Miro a Zaman Neman Maudu'in Bincike

Miro allo ne na intanet wanda mutane da yawa ke iya rubutu a kansa lokaci guda, kowa daga inda yake. An kafa kamfanin a 2011 da sunan RealtimeBoard kafin a sauya masa suna a 2019, kuma yana cikin manhajojin da Google ya ba da shawarar a koma musu sa'ad da ya rufe nasa allon na intanet, Jamboard, a ƙarshen 2024.

Amfaninsa ga ɗaliban da ke neman maudu'in kundin kammala digiri ya fi bayyana a zaman zubo dabaru, inda kowa ke kawo duk ra'ayin da ya zo masa. Alex Osborn, Ba'amurken da ya yaɗa wannan hanya a 1953, ya sharɗanta cewa kada a soki ra'ayin kowa sai an gama tarawa. Sai dai binciken da aka yi a Jami'ar Yale a 1958 ya nuna cewa mutanen da kowannensu ya yi tunani shi kaɗai sun fi waɗanda suka zauna tare yawan dabaru. Ba abin mamaki ba ne, domin idan ɗaya yana magana sauran jira suke yi har abin da ke bakinsu ya kuɓuce, balle a wurinmu inda ƙarami ke jin nauyin tsoma baki gaban babba.

Wannan gurbin ne Miro ya cike. Kowa yana rubuta nasa a 'yan takardu masu launi ba tare da jiran izini ba, daga baya a jawo masu kama da juna a tara su wuri guda. Ɗaliban tattalin arziki da suka ɗauki kasuwar Dawanau, alal misali, za su ga takardar farashin gero bayan kaka ta haɗu da ta masu ɓoye hatsi da ta kuɗin dako, kuma daga nan tambayar bincike ke fitowa.

Yana da nasa cikas. Tsarin kyauta alluna 3 kawai yake bari a ci gaba da gyarawa, ba ya tafiya sai da intanet mai ƙarfi, kuma jan takardu da yatsa a fuskar wayar hannu aiki ne mai gajiyarwa. A ganina, rukunin da kowa ke da kwamfuta da isasshiyar data zai ci moriyarsa sosai, amma waɗanda ke haɗuwa a aji ɗaya kullum gara su yanka takarda su raba, su ajiye kuɗinsu don buga kundi.